Shin Waliyyi Yana Ganin Ubangijinsa?

Tsarki ya tabbata ga Wanda ya bayyana da ayoyinsa har gafili ya rasa uzuri, ya kuma ɓoyu da zatinsa har mai kaifin basira ya rasa abin alfahari. A Madarunfa, kudu da Maraɗi, inda kaburburan waliyyai 99 suke kewaye da tafki, masu ziyara kan taho daga Nijar da Najeriya, su tuɓe takalma, su durƙusa a gefen kushewa, su buɗe tafin hannu suna karanta Fatiha ƙasa-ƙasa. Da yawanmu kuwa muna ɗauke da tambayar da ladabi ke hana harshe furtawa: bayin Allah irin waɗannan, da shehunan da muke bi, sun ga Ubangijinsu da ido?

Ba mu kaɗai wannan ƙishi ya dama ba. Mabiya cocin Mormon a Amurka sun kafa aƙidarsu a kan labarin Joseph Smith, wanda ya ce a 1820 ya ga Allah da Yesu a wani kurmi na jihar New York, har gobe kuma wasunsu na tambayar ko shugabanninsu na yanzu sun gani.

Mu kam an yi mana rahama da amsa tun kafin mu tambaya. Annabi Musa, alaihis salam, wanda Allah ya yi wa magana ba da ɗan aike ba, shauƙi ya ɗauke shi har ya roƙi gani, sai aka nuna masa dutse. Da tajalli ya sauka, dutsen ya niƙe, shi kuma ya faɗi sumamme. Idon da ba ya iya tsayawa ga ranar bazara da tsakar rana, alhali ita ma halitta ce, ina zai iya ɗaukar hasken Mahaliccinta? Ashe hijabin nan tausayi ne ga rauninmu. Ko a kan daren Mi'iraji sahabbai sun saɓa: Nana A'isha ta kore gani da ido, an kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gani da zuciyarsa. Abin da muka karanta a zaure cikin Risala ta Ibn Abi Zaid shi ne cewa duban nan ni'ima ce da aka tanadar wa muminai a Aljanna.

Manyanmu da aka yi wa buɗi sun san haddinsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da labarin cewa a 1794, yana ɗan shekara arba'in, an halartar da shi gaban Manzo da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka rataya masa takobin gaskiya. Tijjanawa sun ruwaito cewa Shehu Ahmadu Tijjani ya ga Manzo a farke a Abu Samgun ta ƙasar Aljeriya, batun da malamai ke saɓani a kansa. A duka biyun, wanda aka ce an gani bawa ne, mafificin bayi, zatin Ubangiji kuwa yana nan a bayan hijabinsa.

Abin da aka buɗe mana a duniya shi ne ihsani, matakin da hadisin Jibrilu ya koyar, inda zuciya ke tsayuwa a salla da yaƙinin cewa ana kallonta. Saboda haka, ɗan'uwa, duk wanda ya zo maka da da'awar ya ga Allah da idon kansa, kada ka miƙa masa wuya. Tafi ka tambayi maƙwabtansa yadda yake riƙon amana, ka kuma duba ko ana ganinsa a sahun Asuba.