ABINCI MAI KYAU A KAN TEBURIN GIYA: NASIHA GA MATASAN MUSULMI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya saukar mana da ruwan sama, Ya fitar mana da gero da dawa da dabino daga busasshiyar ƙasa, Ya halatta mana abubuwa masu tsarki, Ya haramta mana masu ƙazanta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, wannan nasiha ce a kan wata mas'ala da za ta same ka ko ba jima ko ba daɗe, idan ma ba ta riga ta same ka ba. Ita ce: shin ya halatta Musulmi ya zauna ya ci abinci a teburin da ake shan giya, alhali shi ba ya sha?

Kai da ka tashi a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu ko Jahun, wataƙila ka ce wannan magana ba ta shafe ka ba. Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, 'yan Hisba kuma sukan kama kwalaben giya su fasa, don haka ba ka saba ganin ana kurɓa a bainar jama'a ba. Alhamdu lillahi. To amma fa ka sani, Hisba ba za ta bi ka Abuja ba. Gobe za ka gama Jami'ar Tarayya ta Dutse, a tura ka bautar ƙasa Jos ko Fatakwal. Jibi a aike ka kwas Legas, ko ka samu karatu a Ingila. A can babu mahaifinka, babu limamin unguwarku, babu wanda ya san ɗan gidan wane ne kai. Ranar nan ce za a gane ko tsoron Allah ne ya hana ka, ko kuwa kunyar idon mutanen gari.

SABON TARKO DA TSOHON TARKO

Akwai wani irin gidan cin abinci da ya yaɗu a Amurka da ƙasashen Turai, yanzu kuma ya iso manyan biranenmu irin su Legas da Abuja. Masu shi suna alfahari da abu biyu. Na farko, wai giyarsu ba ta babban kamfani ba ce, su suke dafa abarsu kaɗan-kaɗan da hannunsu. Wannan sana'a ta bunƙasa a Amurka bayan da aka sa hannu a dokar da ta yarda mutum ya dafa giya a gidansa a shekarar 1978. Na biyu, wai abincinsu na gida ne, daga gonakin da ke kusa, an noma shi da takin gargajiya, babu takin zamani, babu feshin magani. Wuri tsaf-tsaf, babu hayaniya, babu bugaggu kwance a bakin ƙofa. Abokin aikinka zai ce maka: "Malam, zo mu je, ai ba mashaya ba ce, gidan abinci ne. Kai ka sha lemonka, mu mu sha namu."

Kada ka ɗauka wannan sabon abu ne. Tsohon tarko ne aka yi masa sabon fenti. Mece ce burkutu in ba giyar hannu ba? Dawa ce ake jiƙawa ta yi tsiro, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tsima har ta koma abin maye. Kuma tun da can mai burkutu ta san ƙwaryarta ba ta tafiya ita kaɗai, sai da farfesun kayan ciki a gefe. Da yawa daga waɗanda giya ta lalata, ba ƙishirwa ce ta fara kai su wurin ba, farfesu ne.

ABIN DA ALLAH YA HUKUNTA

Allah Maɗaukakin Sarki bai haramta giya a dare ɗaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Ya bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta girma. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, Ya hana kusantar salla cikin maye. Sannan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya yanke hukunci: Ya haɗa ta da caca da gumaka, Ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni da a nisance ta. Ka lura da kyau, ɗan'uwa. Umarnin da ya zo na nisanta ne, kuma nisanta ya fi barin sha faɗi. Wanda kwalba take gab da gwiwar hannunsa, ana miƙa ta ta saman kwanonsa, yaya za a ce ya nisance ta?

Sunna kuma ta zo ta fayyace. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Wannan hadisi ba da mashayi yake magana ba, domin hukuncin mashayi sananne ne. Da kai yake, kai mai zama da kwalbar lemo. Kuma dubi abin da aka rataya hanin a kansa: imani. Ashe tashinka daga wannan teburi alama ce ta imaninka.

Malaman tafsiri sun kawo cewa an taɓa kawo wa Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz wasu mutane da aka kama suna shan giya, aka ce masa a cikinsu akwai mai azumi. Bai sake shi ba, sai ya sa a hore shi, ya kafa hujja da aya ta 140 ta Suratun Nisa'i, wadda ta nuna cewa mai zama da masu ɓarna a lokacin da suke ɓarnarsu ya zama kamarsu. Mai azumi fa ke nan, wanda ko ruwa bai sa a bakinsa ba. To ina ga wanda ya cinye kaza guda yana taya su dariya?

SHUBUHA TA FARKO: "AI TA GIDA CE, DAWA CE KAWAI"

An riga ka yin wannan tambaya tun zamanin Annabi (S.A.W.). Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya zo daga Jaishana ta ƙasar Yaman, ya yi tambaya game da wani abin sha da suke yi da dawa a garinsu, ana kiransa mizru. Manzon Allah (S.A.W.) bai tambaye shi wa ya noma dawar ba, ko da wane taki aka noma ta. Tambaya ɗaya ya yi masa: tana bugarwa? Da mutumin ya amsa da e, sai ya sanar da shi cewa duk abin da ke bugarwa haramun ne. Ka ga burkutu ke nan, hukuncinta ya zo tun kafin kakanninmu su san sunanta.

Kai mutumin Dutse, ka san dabino. Garinku ya yi suna da shi, har gwamnatin tarayya ta kafa tashar binciken dabino a nan. To ka ji: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa ranar da aka haramta giya yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, giyarsu kuwa a lokacin ta dabino ce. Dabinon gonakinsu na Madina, wanda bai san takin zamani ba, aka jiƙa a gida, ba kamfani, ba inji. Idan akwai giyar da ta isa a kira ta ta gida mai tsabta, to ita ce. Amma da mai shela ya yi shela, sai Abu Ɗalha ya ce wa Anas ya fita ya zubar, har ta riƙa kwarara a lungunan Madina. Ba su ce bari mu ƙarasa wadda ke cikin tulu ba.

Sayyidina Umar (R.A.) ya faɗa a kan mumbari cewa ana yin giya da inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, kuma giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya yi gargaɗi cewa wasu daga al'ummarsa za su sha ta suna kiranta da wani suna daban. Yau ga shi muna gani da idonmu.

SHUBUHA TA BIYU: "AI ABINCIN YA FI LAFIYA"

Ba mu musun kyan abincin da aka noma da takin gargajiya. Iyayenmu a Gwaram da Miga da Buji da kashin shanu da na awaki suka noma abin da ya raine mu, kuma kazar gida ta fi ta gidan gona ɗanɗano, kowa ya sani. Amma a Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah Ya gindaya wa abinci sharaɗi biyu: ya zama halal, ya zama mai kyau. Masu wannan gidan abinci sun riƙe na biyu, sun jefar da na farko. Wane irin kula da lafiya ne mutum ya guji feshin magani a kan tumatir, sannan ya ɗaga kofin guba ya kora?

Kada ka ce malamai ne kawai ke faɗin haka. Tun shekarar 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo wannan ciwo. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwadon giya da za a ce ba shi da illa ga jiki, kuma rahotonta na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Sinadarin da ke bugarwa ɗaya ne, ko a ƙwarya ko a kwalba. Tuntuni Annabi (S.A.W.) ya shaida wa Ɗariƙu ɗan Suwaidu, da ya ce don magani yake yin ta, cewa ita cuta ce ba magani ba.

Sannan ka san da me aka dafa abin da ke kwanonka? A irin waɗannan wurare akwai naman da ake jiƙawa da giya kafin gashi, akwai kifin da ake tsomawa cikin ƙullun da aka kwaɓa da ita kafin suya. Kuma wa ya yanka dabbar?

SHUBUHA TA UKU: "IDAN NA ƘI ZUWA, MAIGIDANA ZAI JI HAUSHI"

Wannan ita ce mai nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Ƙaramin ma'aikaci yana tsoron a ce masa mai tsattsauran ra'ayi, ɗan kasuwa yana tsoron kwangila ta kuɓuce masa. To ka tuna alkawarin Allah a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 2 da ta 3, cewa mai tsoronSa ba zai rasa mafita ba, kuma arzikinsa zai zo masa ta inda bai zata ba. Arzikinka ba a hannun shugaban ofis yake ba. Kuma ka sani, zama na farko shi ne mai wuya. A na biyu warin ba zai dame ka ba. A na biyar kai ne mai miƙa mabuɗin kwalba. Wata rana kuma a ce yau kai za ka biya kuɗin teburi, ka biya har da na giyarsu, alhali Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito la'anta a kan mutum 10 game da giya, cikinsu har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai sayenta.

ABIN DA ZA KA YI

Na ɗaya, kafin ka amsa gayyata ka tambayi wurin. Idan na giya ne, ka ba da uzurinka a fili cikin ladabi: "Addinina bai yarda in zauna inda ake sha ba, amma ga wani wuri, ni zan biya." Ba zagi, ba ɗaure fuska. Abokin aikinka wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙin kyakkyawar mu'amala a kanka, kuma mai gaskiya cikinsu zai ƙara ganin girmanka.

Na biyu, idan an kawo giya bayan ka zauna, ka yi magana in kana iyawa. In ba ka iyawa, ka tashi.

Na uku, idan tafiya ta kama ka, kamar a jirgin sama ko masaukin da babu wani wurin ci sai nan, to lalura tana da hukuncinta, amma gwargwadonta ake ɗauka. Ka nemi teburinka daban, ko ka sa a ƙunshe maka ka tafi ɗakinka. Kwaɗayi kuwa ba lalura ba ne.

Na huɗu, kai manomi da kai ɗan kasuwar hatsi a Shuwarin ko Sara, ku ma maganar ta shafe ku. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya na ƙasar nan suka juya ga dawa. Sayar da dawa a kasuwa halal ne, ba a ɗora maka binciken kowane mai saye ba. Amma in ka tabbata giya za a yi da ita, malamai sun hana, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga mai matsa shi giya, saboda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi.

Na biyar, ka wadatu da abin da Allah Ya hore maka. Ga fura da nono, ga kunun zaƙi, ga kunun aya, ga zoɓon da Jigawa ke nomawa har ana kaiwa ƙasashen waje. Annabi (S.A.W.) da kansa akan jiƙa masa zabibi ko dabino ya sha ruwan, amma ba ya bari ya wuce kwana 3, don kada ya tsima. Dabino ɗaya ne, amma akwai iyaka tsakanin halal da haram, kuma mumini shi ne mai tsayawa a kan iyaka.

Ya kai ɗan'uwa, ƙuruciyarka amana ce, za a tambaye ka a kan me ka ƙarar da ita. In ka taɓa zama a irin wannan teburi, ko ma ka taɓa kurɓa, ƙofar tuba a buɗe take, ka tuba yau, ka sake abokai.

Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da daji, Ya ciyar da mu halal, Ya shirya matasanmu, Ya shayar da mu daga tafkin Annabinsa (S.A.W.). Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.