Waɗanda Suka Ajiye Raket da Ƙuruciyarsu

Ɗana, na san idan ƙarshen Yuni ya yi kana cikin masu zuba wa gasar Wimbledon ido, 'yan wasa cikin fararen kaya a kan koriyar ciyawar Landan, kuma na san abin da zuciya take raya maka, cewa duk wanda ya iya buga tanis a Birtaniya ya yi sallama da talauci. Ban ga laifinka ba, abin da aka nuna maka ke nan. A 2024 fam miliyan 50 aka raba a gasar, wanda ya ɗauki kofi ya tafi da fam miliyan 2.7, wanda aka fitar tun zagayen farko ma ya karɓi fam 60,000. Sai dai maza 128 da mata 128 ne kacal daga duk duniya suke shiga babbar gasar ta ɗaiɗaiku, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni yau zancen na ƙasa zan yi maka, na 400 ko na 700 a jadawalin duniya, waɗanda sukan ajiye raket suna da shekara 21 ko 26, mutane su bi su da cewa ragwanci ne.

Ka fara sanin yadda abincinsu yake zuwa. Ɗan tanis ba shi da kulob ɗin da zai ba shi albashi a ƙarshen wata, ya yi wasa ko bai yi ba. Abin da ya ci a fili shi ne nasa. A ƙaramar gasa ta hukumar tanis ta duniya, wato ITF, dala 15,000 ake raba wa kowa da kowa, kuma wanda ya doke duk abokan karawarsa cikin mako guda ba ya samun ko dala 2,500. Daga cikin wannan zai biya kuɗin jirgi zuwa Monastir a Tunisiya, ko Sharm el-Sheikh a Masar, ko Antalya a Turkiyya, inda ake yawan shirya irin waɗannan gasanni, ya biya masauki da abinci da mai ɗaura masa zaren raket, idan kuma ya tafi da koci, to jirgin kocin da ɗakinsa duk a wuyansa suke. In an fitar da shi ranar Talata, asarar makon ta tabbata, sai ya jira Litinin mai zuwa. Makin da ya tara ma ba ajiya ba ne, bayan mako 52 yake zubewa, saboda haka wanda gwiwa ko wuyan hannu ya kwantar wata takwas yakan tashi ya tarar matsayinsa ya zame, aljihunsa kuma ya daɗe da bushewa.

Ita kanta ITF ta taɓa yin wannan lissafi da alƙaluman 2013, ta gano cewa sai namiji ya kai na 336 a duniya, mace kuma ta 253, kafin abin da suke ci ya rufe abin da suke kashewa, kuma ba a ma sa kuɗin koci a ciki ba. Cikin 'yan wasa wajen 14,000 da ke shiga gasanninta a lokacin, kusan rabi ba su samu ko sisi na kyauta ba.

Za ka ce ai Birtaniya akwai kuɗi. Akwai, domin hukumar tanis ta ƙasar, LTA, ita ke karɓar kashi 90 cikin 100 na rarar Wimbledon, ta kuma buɗe babbar cibiyar horo a Roehampton a 2007. Amma tallafi na 'yan ƙalilan ne da aka zaɓa, kuma wanda aka riƙe bana ana iya sakinsa baɗi. Sannan akwai gurbin alfarma da ake bai wa wasu 'yan gida su shiga Wimbledon ba don matsayinsu ya kai ba. Alheri ne, ban musa ba, kuɗin rana ɗaya yana iya ɗaukar yaro rabin shekara, amma yana zuwa da idon jama'a. Alex Bogdanovic sau takwas aka ba shi, sau takwas ana fitar da shi a zagayen farko, jaridu suka mayar da sunansa abin zolaya, alhali a duk ƙasar 'yan kaɗan ne suka fi shi iya wasan a zamaninsa.

Labarin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne na Marcus Willis, don shi ne irin labarin da ke ruɗar matasa. A 2016 yana na 772 a duniya, yana koyar da yara da manya tanis a wani kulob a Warwick kan fam 30 a awa, har ya fara shirin haƙura ya tafi Amurka aikin koyarwa. Sai ya gwada sa'a, ya ci wasanni shida na share fage, cikin waɗanda ya kayar har da Andrey Rublev da Daniil Medvedev suna samari, ya shiga Wimbledon ya ci wasan farko, ya tsaya gaban Roger Federer a babban fili. Federer ya doke shi, amma ya tafi gida da fam 50,000 da suna a bakin kowa. A nan masu ba da labari suke tsayawa, su ce maka kada ka taɓa karaya. Ni kuwa zan ƙarasa maka. Rauni ya yi ta damunsa, matsayinsa bai taka kara ya karya ba, lokacin korona har aikin birkila ya yi don ya ciyar da iyali, a 2021 ya sanar da ajiye wasa yana ɗan shekara 30. Daga baya ya dawo a wasan bibbiyu ya samu rufin asiri. Abin da na fi girmamawa a wurinsa, ɗana, ya wuce ranar Federer: da bukata ta zo bai ji kunyar ɗaukar bulo ba.

Don haka idan ka ji an ce Oliver Golding, wanda ya lashe gasar matasa ta US Open a 2011, ya ja da baya a 2014 shekarunsa ba su wuce 21 ba, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Yaron da ya tashi tun yana ƙarami bai san komai ba sai fili da filin jirgi, iyayensa sun zuba abin da suka mallaka, idan ya zauna ya yi lissafi ya ga hanyar ba ta ɓullewa, faɗin hakan da bakinsa ya fi ci gaba da tafiya wuya. Ci gaba yana da sauƙi ta wani ɓangare, domin kullum akwai gasa ɗaya a gaba da zuciya za ta ce ita ce, a ƙara cin bashi, a ƙara shekara, kunyar komawa gida ta hana mutum ganin gaskiya.

Ban ce kowa ya janye ba. Billy Harris ya yi shekaru yana kwana a cikin motar kaya yana zagaya gasannin Turai, yana ɗaura zaren raket da hannunsa, sai da ya kusa shekara 30 kafin ya matso kusa da ɗari na farko a duniya. Amma ka lura, shi rage ɗawainiya ya yi har ta yi daidai da ƙarfinsa, bai jibga wa wani nauyin burinsa ba.

Kai ma in Allah ya ba ka wata baiwa da kake son ta ciyar da kai, ta wasa ce ko wata, na san niyyarka kyakkyawa ce, kuma ba zan kashe maka gwiwa ba. Abin da nake roƙonka shi ne tun kafin ka fita ka zauna da waɗanda za su ɗauki nauyinka, ku yanke shekara nawa za a gwada, nawa za a iya kashewa ba tare da gida ya girgiza ba, kuma wane mataki ne in ba a kai ba za a dawo. Ka riƙe karatunka a ɗaya hannun. Cameron Norrie sai da ya bi ta jami'a a Texas yana wasa yana karatu kafin ya shiga sana'ar gadan-gadan. Jamie Baker kuwa, ɗan Sukotlan da bai taɓa wuce na 185 a duniya ba, ya sha fama da ciwon jini da raunuka, ya ajiye raket a 2013 yana da shekara 26, ya koma aikin banki ya koyi yadda ake tafiyar da ma'aikata da kuɗi, daga bisani aka kira shi ya zama daraktan gasar Wimbledon.