Itacen da ba mu san sunansa ba



Hunturu ya sauko har nan Ibadan, duk da cewa sanyinsa bai kai na gida ba. A irin wannan lokaci ne gardama ke tashi a gidajen haya kan itatuwan kwalliya da masu gida suka dasa kafin mu zo. Akwai wani da kusan kowa ya taɓa gani, a tsakar gida ko a bakin makaranta: gajere ne, rassansa masu kauri kamar yatsun hannu, yanzu tsirara yake ba ganye ko ɗaya, in ka karya reshe farin ruwa ya ɗigo kamar madara. Wani zai ce ai aguwa ce. Wani ya ce a'a, kariya ce. Na uku ya ce ku bar wahala, ya mutu, a kawo gatari. Kowa da ƙarfinsa yake magana, alhali a cikinmu ba wanda ya ga furensa.

To me ya kamace mu game da abin da ba mu sani ba, musamman a lokacin da alamunsa suka ɓuya?

Ba ƙarya masu ba shi suna suke yi ba. Halin baƙo ne: idonsa na neman gida a duk abin da ya gani. Matsalar ita ce suna ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa da hukunci. Da ka ce aguwa, ka ce a yi da shi abin da ake yi da aguwa. Da ka ce matacce, ka riga ka miƙa shi ga murhu. Ga shi kuwa itacen ba naka ba ne, na mai gida ne, wataƙila ma mahaifiyarsa ce ta dasa.

Wannan itace dai firanjifani ake ce masa, asalinsa daga Meksiko da Amurka ta Tsakiya. Zubar da ganye da rani ɗabi'arsa ce, ba mutuwa ba. Wanda ya ce kariya ya kusa, domin masana tsirrai sun sa su a dangi ɗaya, har da tumfafiya. Amma kariya gindinta kumburarre ne kamar tulu, shi kuwa ba haka yake ba. Wanda ya ce aguwa farin ruwan ne ya ruɗe shi, dangin ma ba ɗaya ba. Kama da wane ba ta wane.

Kada a ɗauka maganar suna ce kawai. A cikin wannan dangi akwai wani da ake yawan dasawa a bakin shinge, shi ba ya zubar da ganye. Ganyensa siriri ne dogo, furensa ruwan ɗorawa mai siffar kakaki, 'ya'yansa kore su koma baƙi, da ƙwallo mai tauri a ciki. Ƙwayar cikin ƙwallon nan dafi ce mai taɓa zuciya, tana iya kashe yaro. Yaranmu kuwa komai suka tsinta a ƙasa abin wasa ne, wani lokaci har baki. Uban da ya duba ya ce "ba komai, irinsa na nan a garinmu" ya ba da izinin da ba shi da ikon bayarwa. Haka uwar da ta tsinko ganye don ya yi kama da wanda kakarta ke dafawa, haka mai ɗaure rago a gindin duk itacen da ya samu.

Mun san abin da ɗan kasuwa zai ce: malam, in sai an jira tabbaci ai ba za a yi ciniki ba. Gaskiya ne. Dillalin goro a Sabo kallo ɗaya yake wa kwando ya faɗi kuɗi, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Sai dai wannan kallo ɗaya, shekaru ne na taɓawa da asara suka haife shi. A kan itatuwan ƙasar nan ba mu da waɗannan shekarun. Saurin gwani daban, saurin wanda ke jin kunyar cewa "ban sani ba" daban, ko da a baki sun yi kama.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa gane haka. A nan duk wanda ya sauko daga mota da hula "aboki" ne. Babarbare, Bazabarme, Banufe, duk Hausa ake ce musu, kuma laifin ɗaya a kan kowa yake sauka. Yana mana ciwo. Amma idan sabon yaro ya iso cikin nasa hunturun, ba jari, ba rumfa, ƙafa duk ƙura, mu ma kafin la'asar mun gama ba shi suna.

Cewa "ban sani ba tukuna" kuma ba naɗe hannu ba ne, aiki ne. Ko a ƙasashen Turai, inda sanyi ke tuɓe lambu gaba ɗaya, masu lambu da ɓawo da idon toho suke gane itace. A kankare ɓawon kaɗan da farce: in ƙarƙashinsa kore ne, da ransa. A duba ƙasa ko akwai busasshen ganye ko kwanson 'ya'ya. A kula da ruwan, yana ƙaiƙayi a fata, ya fi muni a ido. A tambayi mai gida, ko masu sayar da dashe a bakin titi, su sana'arsu ce. Kafin a samu amsa, yara da dabbobi su yi nesa da shi, gatari ma ya koma ɗaki.

Sauran kuma na lokaci ne. Wajen watan Maris zuwa Afrilu, in ruwa ya fara sauka, in Allah ya kai mu, za a ga ganye dogaye sun fito a kan rassan nan. Furen kunne biyar gare shi, yawanci fari da ɗorawa a tsakiya, wani ja-ja, kuma ƙamshinsa ya fi tashi da dare.