MAN BILICIN: LAIFIN WA NE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutane launi-launi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ga wata tambaya da nake so ka riƙe har ƙarshen wannan babi. Idan mace ta shafa man bilicin har fatarta ta lalace, wa Allah zai tambaya? Na san za ka ce ai ita ce, tun da da hannunta ta shafa. To, dakata tukuna, mu bi maganar daki-daki.

Da farko ka san abin da ke cikin kwalbar. Allah Ya sanya wa baƙar fata wani sinadari da likitoci ke kira melanin, shi ne garkuwarta daga zafin rana. Aikin man bilicin shi ne ya hana jiki yin wannan sinadari. Masu haɗa shi kan zuba abubuwa uku. Na ɗaya haidurokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafa shi sai kumatu su yi baƙin tabo mai wuyar fita. Na biyu sitiroyid, watau maganin da likita kan rubuta na ɗan lokaci saboda cutar fata. Idan aka mai da shi man kullum sai fata ta yi sirara, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa da wuri, kuma yakan ratsa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki, da jaririn da ke shan nono. Ka ga ke nan cutar har ta kai ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kada ka ɗauka abin na 'yan tsiraru ne. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka. Ƙasar Kwaddibuwa ta hana sayar da su a 2015, Gana ta hana masu haidurokwinon a 2016, sa'an nan a 2023 hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

To, yanzu mu koma kan tambaya. Lalle mai shafawa tana da nata kaso, domin jiki amana ne, Allah Ya ba mutum ajiya, kuma shari'a ta hana mutum ya cuci kansa. Wata za ta ce, "Ai mijina nake yi wa ado, kuma ado ga miji lada ne." Gaskiya ne, 'yar'uwa, amma ado yana da iyaka. Lalle da kwalli da kitso da turare suna ƙara kyau, jiki kuma ya zauna lafiya. Abin da zai ci ƙodarki ya fita daga babin ado, ya shiga babin cuta, kuma haƙƙin miji bai kai nan ba.

Amma fa ya kai mai karatu, yarinyar nan ba a haife ta tana ƙin fatarta ba. Wa ya koya mata? Tun tana ƙarama take jin ana cewa farar mace alkyabbar mata. Ta ji samari na cewa fara ko mayya ce. Ta ga ƙanwarta mai haske ta yi kasuwa, ita kuwa ana ce mata ta ƙara haƙuri. Ta ga an kawo lefen ƙawarta, man bilicin na cikin akwati, dangin ango ne suka saya da kuɗinsu. Bayan aure kuma maigida ya kama yi mata gori da farar kishiya. Wanda ya haƙa rijiya a tsakiyar hanya, zai ce ba ruwansa don ba shi ya tura makaho ciki ba?

Saboda haka laifin ya rabu. Miji mai gori yana da kaso. Uwar da ke kai 'yarta gyaran jiki ta ce a fito mata da ita fara sol kafin biki tana da kaso. Wadda ke shafa wa jaririnta don kada dangin uba su raina shi, nata ya fi muni, domin yaro bai da bakin cewa a'a. Ɗan kasuwar da ke haɗa mai a bokiti ba ma'auni, ya san abin da ya zuba amma ya ɓoye, ya yi algus, kuma ya ci kuɗin cutar da mutane. Mu ma masu wa'azi kada mu wanke kanmu, domin mun sha tsine wa mata a kan mumbari, alhali masu sahun gaba da ke gyaɗa kai su ne ba sa neman aure sai fara.

Tushen abin kuwa jahiliyya ce, watau auna darajar mutum da launinsa, kuma Musulunci ya zo ya rushe ta. Bilal baƙi ne, asalinsa Habasha, shi aka zaɓa ladanin farko. Ummu Aiman, wadda ta yi renon Manzon Allah, ita ma Bahabashiya ce, yana girmama ta kamar uwa. Yaya za ka ce kana bin sunna, sa'an nan ka raina launin waɗannan bayin Allah a jikin matarka?

Abin yi a fili yake. Kai maigida, ka tsare harshenka, ka yabi matarka da launin da Allah Ya ba ta. Idan ta daɗe tana shafawa, kada ka ƙwace kwalbar rana ɗaya ka ce ka yi jihadi. Ka kai ta asibiti wurin likitan fata, domin yanke sitiroyid farat ɗaya yana da tasa illar. Ka sani fatar za ta koma baƙa, wataƙila da ƙuraje, to a nan ne ake bukatar haƙurinka da kyakkyawar magana. Ke uwa, ki bar kiran 'yarki da sunan da zai sa ta ƙi madubi. Kai mai neman aure, ka cire man nan daga lefe, ka gaya wa danginka dalili.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirye mu maza da mata baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.