Dariyar Faɗuwar Wani: Ko Laifi Ce?

Tun yaro yana ƙarami ake koya masa cewa in wani ya yi tuntuɓe ya faɗi, sannu ake ce masa. To, ina matsayin majigin da aka shirya takanas domin a yi wa faɗuwar mutum dariya?

A zamanin da majigi ba ya magana, da jiki 'yan wasa suke ba da labari. A wasan Buster Keaton na 1928, Steamboat Bill, Jr., bangon gida ya faɗo masa, ya tsira domin yana tsaye daidai inda taga take. Bangon kuwa na gaske ne.

Wasu masu shirya fim da ɗan abin hannunsu sun koma kan wannan hanya. A 2022 Mike Cheslik ya fitar da Hundreds of Beavers, baƙi da fari, kusan ba magana, an ɗauki yawancinsa cikin dusar ƙanƙara ta Wisconsin a Amurka. Labarin wani ne da ya rasa komai, yunwa ta sa shi farauta, tarkon da ya ɗana kuwa shi yake kamawa.

Masu ƙin irin wannan wasa suna cewa yana taurara zuciya. Suna da hujja, gama kowa ya san dariyar yaran da suke bin mahaukaci a kasuwa. Amma mahaukacin bai yarda ba, dariyar kuma tana ware shi daga mutane. Ɗan wasa shi ya zaɓi faɗuwarsa, ya maimaita ta har ya gwanance, mai kallo kuwa yana bayansa, yana so ya tashi. Da Charlie Chaplin ya sa tsumma yana tsere wa ɗan sanda, ba ɗan sandan talakawa suka goya wa baya ba.

Duk da haka akwai sauran ƙaya. A 1924, wajen ɗaukar Sherlock Jr., ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka Keaton a kan dogo, wuyansa ya tsage. Ya tashi ya ci gaba da gudu, bai san ya karye ba sai bayan shekaru, da likita ya ɗauki hoton ƙashin. Ba a yanke wurin ba. Duk wanda ya yi dariya a nan, ciwo na gaske ya yi wa dariya, ko da yake bai sani ba. Wanda ya sani fa, ya sāke kallo, dariyar kuma ta sāke kuɓuce masa?