Shawarar Ango da Amarya Kafin Daren Farko

Littafi Mai Tsarki ya koyar cewa 'ya'ya kyauta ce daga wurin Ubangiji (Zabura 127:3), saduwar mace da namiji kuwa an keɓe ta domin aure (Ibraniyawa 13:4). Duk da haka akwai masu bi da ke son jinkirta haihuwar fari saboda karatu ko rashin lafiya. Wannan shawara ta mutum biyu ce. Kada amarya ta yanke ta a ɓoye, kada kuma ango ya tilasta mata.

Idan sun amince cikin addu'a, sai su ga likita tun kafin ranar ɗaurin aure, domin ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba. In amarya ta fara sha cikin kwana 5 na farkon al'adarta, kariya ta samu nan take. In ta fara bayan haka, sai ango ya yi amfani da kwaroron roba har kwana 7. Ƙwayar ba ta hana kamuwa da ƙanjamau, saboda haka gwajin jini kafin aure wajibi ne.

Angon da ya ɗauki rabonsa na wannan nauyi ya soma ƙaunar matarsa yadda Manzo Bulus ya umarta (Afisawa 5:25). Ubangiji ya ba sababbin ma'aurata hikima. Amin.