Saran Maciji Da Farillar Neman Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci cuta ya kuma halicci magani, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wata farilla wadda da yawa daga cikinmu ba su ɗauke ta ibada ba, watau binciken cuta da maganinta irin wanda ake yi a cibiyoyin jami'o'inmu. Domin kada maganar ta tafi a iska, bari mu ɗauki misali guda, shi ne saran maciji.

Duk manomin ƙasar Tangale ko na kwarin Binuwai ya san kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ka ga wanda ta sara yana zubar da jini ta dasashi da fitsari, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Waɗanda take sara kuwa galibi talakawa ne, manomi a bakin kunyarsa da yaro a bayan dabbobinsa, musamman lokacin shuka da na girbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya, shi ya sa a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

To, tun farkon shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da wani Bature, Dakta David Warrell, suka duƙufa a kan wannan dafi. A aikinsu ne aka tabbatar da wani gwaji mai sauƙi: a ɗibi jinin wanda aka sara a zuba a cikin 'yar kwalba busasshiya mai tsabta, a ajiye minti 20, idan bai daskare ba, lalle dafi ya shiga jiki, sai a yi allura. Daga baya masanan ƙasar nan da na Ingila suka riƙa tatsar dafin macizanmu, aka haɗa allurar da ta dace da su, aka gwada ta a kan majinyata 400 a asibitin Kaltungo, aka bayyana sakamakon a 2010. Jami'ar Bayero ta Kano ma ta kafa cibiyar binciken saran maciji, inda Farfesa Abdulrazaƙ Habib da abokan aikinsa suka horar da ma'aikatan lafiya, suka kuma wayar da kan mutanen karkara.

Mene ne hukuncin wannan aiki a Shari'a? Ya inganta daga Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, cewa kowace cuta an saukar mata da maganinta, sai dai wasu sun san shi wasu ba su sani ba. Ke nan maganin yana nan, nemo shi ne ya rage a kanmu. Saboda haka ne Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farlu kifaya, watau idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya ƙyale to zunubi ya hau kan al'umma duka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da yawan hidimar mulkin da ke kansa, sai da ya wallafa littattafai a kan magani. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuwa ta daidaita ceton rai ɗaya da ceton mutane gaba ɗaya.

Wani zai ce ai akwai tofi. Gaskiya ne, wani sahabi ya taɓa tofa wa shugaban wata ƙabila Fatiha bayan wani abu mai dafi ya cije shi, ya warke, Annabi kuma ya tabbatar da abin da ya yi. Amma tofi bai hana magani ba. Ka yi wa ɗan'uwanka addu'a kuna kan hanyar asibiti. Abin da masu bincike suka gano yana ƙara ɓarna shi ne tsaga wurin, da tsotse shi, da ɗaure ƙafa tamau da igiya, da kwana biyu ana shan saiwa a gida. A tallafe gaɓar kada ta yi motsi, a gaggauta.

Su kuma malaman jami'a su ji tsoron Allah, ilmin da ke hannunsu amana ne. Kada ya ƙare a takardun Turanci don neman ƙarin girma. Su kai shi ƙauye da harshen da manomi zai gane, kada kuma su gwada magani a kan kowa sai da saninsa da yardarsa. Hukuma da mawadata su sani allurar nan tana da tsada, sau da yawa takan yanke a asibitoci, sai talaka ya sayar da akuyarsa ko hatsinsa. Wanda ya yi wakafi ga irin waɗannan cibiyoyi, ko ya saya wa matalauci allura, ya yi sadaka mai girma. Limamai kuma su faɗi wannan a huɗuba kafin damina ta sauka.

Allah ya tsare mu da sharrin abin da ya halitta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.